Yaya ake girki da sanaubar, kuma me zai maye gurbinsa?

Tambaya daga Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta dawo daga Umara da tsarabar wasu ƙananan ƙwayoyi farare da Larabawa suke kira sanaubar, ta ce a kan shinkafa ta ga ana barbaɗa su. Yaya ake sarrafa su, kuma idan sun ƙare, da me zan musanya su a nan Gombe?

Amsa daga Pantami:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙwayoyin bishiyar fain ne (pine a Turance), irin wadda take tsirowa a Italiya da Turkiyya da Labanan, kuma 'ya'yanta sukan ɗauki kusan shekara 3 kafin su nuna, sannan a fasa ɓawo mai tauri a fitar da ƙwayar, abin da ya sa suke da tsada ke nan. A Labanan da Siriya ana soya su sama-sama a man shanu, a watsa a kan shinkafa da naman rago. Ki rage wuta, ki tsaya a kan kaskon kina juyawa, da zarar sun fara yin ja ki juye su a faranti, domin zafin kaskon kaɗai ya isa ya ƙona su. Kada ki dafa su tare da shinkafar, sai kin zuba ta a tire sannan ki watsa su a kai.

Amsa daga Bolari:
Ajiyar ce ta fi damuna, 'yar'uwa. Kusan kashi 2 cikin 3 na nauyinsu mai ne, saboda haka a zafin bazara irin namu ba sa daɗewa suke fara warin tsohon mai. Ki rufe su a kwalba ki sa a firji, idan kuwa wuta ba ta tsayawa a unguwarku, gara ki cinye su da wuri. Akwai kuma wani nau'i daga ƙasar Sin da yake jawo ɗaci a baki wanda yake farawa kwana ɗaya ko biyu bayan an ci, wani lokaci ya ɗauki har mako 2, amma yana gushewa da kansa.

Amsa daga Tudun Wada:
A ganina kashu ne ya fi kusa da su wajen laushi da maiƙo. Ki raba shi biyu ki soya kamar yadda aka bayyana. Gyaɗa tana da daɗi, amma ƙamshinta yana danne na man shanu da naman, don haka ba na ba da shawararta a wannan shinkafar.