Zazzaɓi da ciwon ciki sun ƙi sakin ɗana, ku ba ni shawara

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, kaina ya ƙulle. Ɗana mai shekara 8 yau kwanansa huɗu yana zazzaɓi mai zafi, in na ba shi farasitamol ya sauka, bayan awa uku ya dawo. Tun shekaranjiya ciwon ciki ya shigo, yana ta murƙususu yana nuna min gefen dama, ƙasa da cibiya. Jiya ya yi amai sau biyar, ga gudawa. An gwada maleriya a kemis babu, aka ce taifot ne aka haɗa mana magani, ba sauƙi. Yau da asuba na ga idanunsa sun yi jawur amma babu kwantsa, leɓɓansa sun tsattsage, ga jajayen ƙuraje a ƙirji da baya. Kakarsa ta ce ƙyanda ce, kada a bari a yi masa allura, alhali an yi masa rigakafinta. Wata ɗaya da ya wuce duk gidan mun yi mura da tari, har babansa ya daina jin ƙamshi na wasu kwanaki. Shi yaron kwana biyu ya yi ya miƙe. Me zan yi?

Maman Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Sadiq, Allah ya ba shi lafiya. Ciwon gefen dama da amai ai afendis ne ya fara zuwa min a rai. Kada ki kwana da shi a gida.

Hajiya Babba:
'Yata, ki lallaɓa kakarsa da magana mai daɗi, amma ki tafi. Mu ma haka muka taso muna jin ba a kai mai ƙyanda asibiti, kuma mun ga yaran da aka rasa a kan wannan maganar. Ko ƙyandar ce, asibiti ne wurinta.

Anti Nas:
Ƙanwata, ajiye wayar ki ɗauki mayafi. Ki nufi babban asibiti mai sashen gaggawa na yara, in a Kano kike ga Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kada a ba shi jiƙo, kada a dama masa kanwa, kada a ba shi ibuprofen ko asfirin. Abinci ma ki dakata har likita ya duba cikin, ko da za a buƙaci tiyata. Ki tafi da kwalayen magungunan da ya sha. Gwajin Widal da ake dogaro da shi a ce taifot ne yana yawan yin kuskure, shi kaɗai bai isa hujja ba.

Dakta (likitar yara):
Maman Sadiq, ba zan iya sanin ciwonsa ta waya ba, amma abin da kika lissafa ya sa dole a duba shi yau. A nan wurinmu, yaro mai zazzaɓi da ciwon ciki, mukan fara tunanin maleriya, afendis, taifot da ya huda hanji, ko tashin sikila. Sai dai maganar murar nan da jan ido da tsagewar leɓe sun tsaya min a rai, domin murar da ke ɗauke jin ƙamshi tana iya zama korona.

Akwai wani ciwon kumburi da ke biyo bayan korona a jikin yara. Likitoci a Landan ne suka fara ankarar da duniya a watan Afrilun 2020, a watan Mayu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin gane shi. A Amurka ana ce masa MIS-C, a Ingila PIMS. Yakan bayyana sati biyu zuwa shida bayan cutar, sau da yawa a yaron da murarsa ba ta ko kwantar da shi ba. A lokacin ƙwayar cutar ta riga ta tafi, garkuwar jikin ce ta ƙi lafawa, sai ta juyo kan jikin da take karewa. Shi ya sa gwajin hanci kan nuna babu komai, kuma ba a ɗaukarsa daga wani yaro zuwa wani.

Mafi yawan yaran da ciki suke fara zuwa: ciwo, amai, gudawa. Kumburin yakan kama ƙarshen ƙaramin hanji da kaluluwar da ke kewaye da shi, kuma wurin nan daidai gefen dama yake, maƙwabcin afendis. Don haka a 2020 an shiga tiyata da yara a ƙasashe daban-daban, aka buɗe aka tarar afendis ɗin lafiya lau. Abin da ya fi tayar mana da hankali kuwa zuciya ce, domin tsokarta kan raunana, matsin jini (BP) ya faɗi ƙasa cikin 'yan awanni, wani lokaci jijiyoyin da ke ciyar da ita su buɗe fiye da ƙima. Ta nan ya yi kama da cutar Kawasaki, wata cutar kumburin jijiyoyin jini wadda ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5.

Ciwon ba shi da yawa, ya ma ƙara raguwa tun bayan zuwan nau'in korona na Omicron, kuma yawancin yaran suna warkewa in an kama shi da wuri. Ki gaya wa likitan da bakinki: an yi mura a gida wata ɗaya baya, mahaifinsa ya daina jin ƙamshi. Iyaye ba su cika faɗa ba don suna ganin ya wuce, mu kuma in ba a faɗa ba ba lallai mu haɗa su ba.

Baban Iman:
Abin da Dakta ta faɗa ya same mu a 2021. 'Yata tana da shekara 10, har mun sa hannu a takardar tiyata, sai wani likita ya lura da idanunta da kumburin tafin hannunta, ya ce a dakata a yi hoton zuciya. Ta yi kwana tara a kwance, aka ba ta maganin kumburi ta jijiya. Yanzu tana sakandare, Alhamdu lillah. Ki riƙa lura da fitsarinsa da sanyin hannu da ƙafa, su suka yi ta tambayarmu.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun iso tun azahar, an ba mu gado. Sun ce matsin jininsa ya yi ƙasa, an sa masa ƙarin ruwa, an ɗebi jini, likitan tiyata ma ya zo ya danna cikin ya ce a yi sikanin tukuna. Na faɗi maganar murar, likitar ta rubuta, ta ce gobe da safe za a yi hoton zuciya. Kakarsa ce ma zaune a gefensa yanzu.

Dakta (likitar yara):
Madalla. Cikin daren nan in kika ga numfashinsa ya yi sauri, ko barci ya yi masa nauyi har ba ya tashi in an kira shi, ko ya wuce awa shida bai yi fitsari ba, ki kira nas nan take, kada ki jira zagayen safe. Allah ya tashi kafaɗarsa.