Loshan ɗin magnesiyam na ɗaurewar ƙafa, wa ya taɓa gwadawa?

Telar Gwammaja: Salam 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya shafa da kansa, ba wanda ya ji an ce ba. Ni tela ce, keken ƙafa nake takawa tun safe har bayan isha'i, balle yanzu da ɗinkin biki ya taru min. To kusan kullum cikin dare sharaɓata sai ta ɗaure tamau, wani sa'in har yatsun su lanƙwashe, sai na diro daga gado na taka ƙasa na dafa bango kafin ta sake ni, da safe kuma wajen ya yi tsami. Ba ni da ciki, ba na shan maganin komai, kuma ina da asma, warin su Robb da Aboniki tayar min da ita yake yi, don haka kar a ce min su. Wata na gani a sitatus tana tallar loshan ɗin magnesiyam, kwalba 200ml dubu 16, wai a shafa in za a kwanta. Kuɗin da ke hannuna tarawa nake in sa wa keken moto in huta da takawa. In taɓa su in sayi man, ko in daure in ci gaba da tari?

Mai Shayin Kwana: Aboniki Hajiya. Ki murza sosai ki sa safa, magana ta ƙare.

Uwar Gida Ran Gida: Anya ba ƙaruwa muka samu ba? Ni duk cikin da na yi daga wata shida haka ƙafata take min, ki je a duba ki dai.

Telar Gwammaja: Haba jama'a, na ce ina da asma, na kuma ce ba ciki. Ku dinga karantawa har ƙasa mana.

Lamba Tara: Aunty ni na gwada, amma na fesawa nake da shi, wanda suke ce wa man magnesiyam. Ba mai ba ne ma, gishirin magnesiyam ne aka narka a ruwa, santsinsa ne kawai yake kama da mai, in ya bushe har fari-fari yake bari a fata. Bayan tirenin nake fesawa a cinya da sharaɓa in murza. Gaskiya ina jin sauƙin tsamin jiki, amma farkon sawa ƙaiƙayi da tsikari kamar na kwanta a kan ƙaiƙayin gero, in akwai ƙujewa ko ɗan yanka kuwa sai kin yi ƙara. Na loshan ɗin an haɗa shi da man kaɗanya ko na kwakwa shi ya sa bai kai wannan zafi ba. Dubu 9 na saya a wani famasi a Zoo Road.

Baban Biyu: Hmm. Ni in na ji sunan man nan raina ɓaci yake yi wallahi. Bara matata ta haihu, aiki aka yi mata, muna gida ana ta wankan jego sai ƙafarta ta hagu ta fara ciwo daga sharaɓa, ita kaɗai ban da ɗayar, ta kumbura, in ka taɓa ka ji ɗumi. Tsofaffi suka ce sanyin jego ne a ƙara gashi. Ƙanwarta ta kawo lambar wata mai sayar da irin wannan loshan ɗin, na tura mata hoton ƙafar da hannuna, ta ce ai wannan ƙarancin magnesiyam ne tsantsa, masu jego duk haka suke, a sayi kwalba biyu a dinga murzawa da ƙarfi daga ƙasa zuwa sama safe da dare. Dubu 34 har da kuɗin kawowa. Muna ta murza yarinya tana kuka ana ce mata ta daure, kullum in na ce ba sauƙi sai ta ce ai jijiyar ce take buɗewa. Wani dare numfashi ya fara gagararta, ƙirji ya riƙe, a Napep ɗin maƙoci muka kai ta asibiti. Aka yi hoto aka ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, wani ya ɓalle ya tafi huhu. Likitan da ya ji muna murzawa sai da ya ajiye biro ya kalle ni. Allurar tsinka jini aka dinga yi mata a ciki, daga baya aka koma ƙwaya wata da watanni, babur ɗina a nan ya tafi. Jariran nan biyu madara muka koma ba su. Da na kira matar in gaya mata abin da ya faru, ko sannu ba ta ce ba, cewa ta yi ita ba likita ba ce, ta toshe lambata. Har yau tana nan tana talla, da hoton wasu wai sun warke.

Uwar Gida Ran Gida: Innalillahi. Allah Ya ƙara mata lafiya Baban Biyu, Ya raya yaran. Allah Ya isar muku.

Mai Shayin Kwana: Ka saka lambarta a nan kowa ya gani mana.

Baban Biyu: Na bar ta da Allah. Abin da ya fi ƙona min rai, kwalba ɗayar ko buɗe ta ba mu yi ba, na ce ta karɓa ta ba ni rabin kuɗina ma ta ƙi.

Nas Mai Aikin Dare: Sannu Baban Biyu, Allah Ya tsare gaba. Dan Allah kowa ya riƙe wannan: ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo ba ya saki, musamman mai ciki, mai jego, wanda aka yi wa aiki ko wanda ya daɗe a kwance ko a zaune a mota, ba a murzawa ko da man zaitun ne, asibiti ake tafiya. Na 'yar uwa tela daban ne, yana kamawa ya saki, wannan gajiyar tsoka ya fi kama da shi. In ya kama ki, miƙe ƙafar ki jawo yatsun zuwa wajen ƙwaurinki, zai saki da wuri. Kafin ki kwanta ma ki dafa bango ki ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ki ji sharaɓar ta miƙe. Ki dinga tashi daga kan keken kina ɗan zagayawa, ki sha ruwa, na san ku teloli ƙin sha kuke don kar fitsari ya tashe ku.

Hajiya Kayan Gyara: Allah Ya ba ta lafiya, amma kar a yi mana kuɗin goro. Ni ina sayar da shi kuma ina shafawa, mahaifiyata ma da shi take barci. Nawa daga Ingila ake kawo min, magnesiyam ɗin daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi a Holan, wanda ake ce wa na Zechstein, a rubuce yake a jikin kwalbar. Dubu 22 nake bayarwa, duk wanda ya ce miki dubu 9 wallahi ruwan gishiri ya saya. Ki yi min magana ta ciki 'yar uwa zan rage miki.

Lamba Tara: Hajiya ai naki ma ruwan gishirin ne, sai dai naki ya hau jirgi 😂

Ɗan Boko Haƙiƙa: Bari in ɗan sa baki. Matsalar ba asali ko jabu ba ce kawai, tambayar ita ce yana ma ratsa fata ya kai tsoka? A 2017 wasu masana a Jamus sun bi binciken da aka yi a kan shafa magnesiyam, suka buga a mujallar Nutrients, suka ce babu gamsasshiyar hujja cewa yana shiga jiki ta fata yadda masu talla ke faɗa. Fata an yi ta ne don ta tare abu. Kai ko magnesiyam ɗin da ake sha ma, ƙungiyar Cochrane mai bitar binciken lafiya sun tattara bincike a 2020 suka ce da wuya yana rage ɗaurewar ƙafa ga manya masu shekaru, na masu ciki kuma sakamakon ya saɓa wa juna. Sauƙin da Lamba Tara yake ji ina kyautata zaton tausar ce, da man kaɗanya na ɗari biyar zai murza zai iya jin haka.

Hajiya Kayan Gyara: To Malam likita, Turawan da suka yi binciken ai su ne suke yin man suna sayarwa a shagunansu. Kai ka taɓa shafawa? Ita cewa ta yi wanda ya gwada.

Ɗan Boko Haƙiƙa: Ni ba likita ba ne Hajiya, amma ba ni da kwalba ko ɗaya da nake son ta ƙare.

Na Kemis: Ku bar wahalar da kanku. Shekara da shekaru ina kanti, masu wannan ciwon kalsiyam da bitamin B nake haɗa musu, in ya ƙi a ba da kwinin, da ma can shi ake bayarwa.

Nas Mai Aikin Dare: A'a Malam, kwinin kam kar ka ba kowa saboda ɗaurewar ƙafa. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai tun 2010, yana iya rage ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, yana taɓa bugun zuciya. Kuma kafin ka haɗa wa mutum komai ka tambaye shi me yake sha, maganin hawan jini mai sa fitsari yana kawo ɗaurewar nan, omeprazole, maganin olsa da mutane suka mayar abincin safe, in an daɗe ana sha yana rage magnesiyam a jiki. Mai ciwon ƙoda kuma ba ya shan ƙwayar magnesiyam sai da izinin likita don taruwa yake a jini. Mu a ɗakin haihuwa magnesiyam salfet muke yi wa mai jijjiga, kuma muna tsaye a kanta muna ƙirga numfashi, ba abin wasa ba ne.

Na Kemis: Sista ku dai kullum a je asibiti, a je asibiti. Kin san nawa ne kati da gwaji yanzu? Talaka wajenmu yake zuwa.

Gwaggon Yara: 'Yata ki ji nan. Ruwan ɗumi a bokiti ki tsoma ƙafafun bayan isha'i, ki goge ki murza man kaɗanya, ba wari balle asmarki. Ki dinga shan kunun gyaɗa, ki ci kantun riɗi, wake, alayyafo, fura ta gero. Mu da muka yi daka da surfe ba mu san wani loshan ba.

Ɗan Boko Haƙiƙa: Gwaggo ta fi mu gaskiya, duk abin da ta lissafa akwai magnesiyam a ciki. Mace babba wajen miligiram 310 zuwa 320 take buƙata a rana, kuma ta baki aka san yana shiga.

Angon Bara: Ni dai ina ganin alhaki ne. Wata tela ta riƙe wa amaryata kayan fitar biki sai ranar walima da yamma ta kawo, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ki duba ko akwai atamfar wani a ƙarƙashin gadonki tun ƙaramar sallah, ki ba shi, ƙafa za ta saki 😂

Telar Gwammaja: Allah Ya shirye ka Ango, ni ba na saɓa alkawari, shi ya sa ma ƙafar take ɗaurewa. Sista na gode, jiya na ja yatsun kamar yadda kika ce kuma ya saki da wuri. Amma har yanzu ba wanda ya ce min ga wanda ya shafa na loshan ɗin don ɗaurewar dare ya daina.

Mai Shayin Kwana: Ki sa moton kawai. Au, ina wutar da za ki jona shi? Mu unguwarmu taransifoma tun kafin azumi.

Ta Birmingham: A nan fam 10 zuwa 13 ne a shagunan kayan lafiya. Ina shafawa lokacin sanyi, wani dare ya yi aiki wani dare ya ƙi. Wanda ya lissafa canji ya ga dubu 9 ba za ta kawo na Ingila Kano ba.

Lamba Tara: Ni ai ban ce na Ingila ba ne, na Indiya ne kuma da lambar NAFDAC a jiki.

Uwar Gida Ran Gida: Lamba kuma ai bugawa ake yi. Ni abin da ya ishe ni da masu sitatus ɗin nan, ba za su taɓa rubuta kuɗi ba sai ki yi magana ta ciki, kowa da farashin da za a yanka masa gwargwadon hotonsa. Na yi odar man gashi dubu 12, kuɗin mota daga Legas dubu 5, direba ya kira ni tasha ya ce sai na ƙara dubu ɗaya na ajiya, na buɗe na ga saura wata ɗaya ya lalace.

Hajiya Kayan Gyara: Ku kuma masu saye fa? A kawo muku kaya har ƙofar gida ku kashe waya, ɗan dilibari ya dawo ni in biya zuwa da dawowa. Jiya ma wata alat ɗin bogi ta turo min.

Baban Biyu: Hajiya ku dai ku daina duba hoton ƙafa kuna faɗin ciwo. Ku sayar da kayanku, wanda ya ce ba shi da lafiya ku ce ya je a duba shi.

Angon Bara: Wai ni a cikinku akwai mai lambar direban da ke ɗauko saƙo daga Legas ba ya ƙara kuɗi a tasha? Akwai takalmin da nake jira.