Jijiyoyin ƙafa sun tashi: ƙwayar tazara ko ashana?

Maman Ilham, Jega: Assalamu alaikum. Wata biyu da haihuwata, ina shayarwa. Jijiyoyin sharaɓata sun fito sun murɗe tun cikin yana wata bakwai. Zan fara tazarar haihuwa, ƙwaya ko ashanar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu? Surukata kuma ta ce a kira wanzami.

Hajiya Babba: Ki riƙa kwanciya ta gefen hagu, ƙanwata, mahaifa ta daina danne babbar jijiya.

Maman Ilham: Hajiya, ai na haihu.

Anti Nas: Sinadarin firojestaron na lokacin ciki ke sassauta bangon jijiya, ƙofofin da ke hana jini komawa ƙasa su daina rufewa sosai. Ga jinin jiki ya ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50. Yawanci suna lafawa cikin wata 3 zuwa 12. Mai shayarwa ƙasa da wata 6 ta guji ƙwaya mai sinadarin istirojin: tana iya rage nono, tana ƙara haɗarin gudan jini. Ashana babu istirojin.

Maman Sadik, Argungu: Kada ki yarda da ƙaho! Wata a unguwarmu aka tsaga mata kan jijiyar, jini ya ƙi tsayawa, aka ɗaure cinya da tsumma ya ƙara ɓarkewa. Wurin ya zama gyambo a idon sawu, kuma mijin ya ce ba ruwansa. In jijiya ta fashe: a kwanta, a ɗaga ƙafa sama da ƙirji, a danne da tsumma mai tsabta.

Anti Nas: Ki nemi safar asibiti mai matsi 20 zuwa 30 mmHg (ma'aunin ƙarfin matsinta), a auna idon sawu da sharaɓa, a saka da safe kafin a taka ƙasa. Dubu 18 a Birnin Kebbi.

Ummu Zahra: Dubu 4 a kasuwa.

Anti Nas: Waccan ta 'yan ƙwallo ce.

Ummu Zahra: A zafin Afrilu duk ɗaya ne, dafuwa za ki yi.

Hajiya Babba: Iyayenmu ba nas, ba safa, suka haifi goma.

Anti Nas: Hajiya, in ƙafa ɗaya ta kumbura, ga zafi, ga ciwo, ko numfashi ya sarƙe, asibiti ranar. Ruwan zafi ma buɗe jijiya yake.

Maman Sadik: To wa zai faɗa wa surukai a rage wankan jego? Kwana 40, ga tsadar itace, mai jego ke biya.