Jirage na wuce mu su tafi gyara Dakar: in bar yarona ya gaji sana'ata?

Mai Walda Apapa:

Assalamu alaikum. Ni mai waldar jirgin ruwa ne a Legas, shekarata 19 a wannan aiki. Daga Funtuwa na zo, da waldar ƙofa da taga na fara, har Allah ya haɗa ni da ogan da ya koya mini yadda ake yanke ruɓaɓɓen faranti a gindin jirgi a dasa sabo, ɗinkin da sai an ɗauki hotonsa kafin sufeto ya sa hannu.

Abin da ya dame ni shi ne, bana wata huɗu cur dok ɗin (ramin da ake shigar da jirgi a zuƙe ruwa don gyara) da nake yi wa aiki babu jirgi ko ɗaya a ciki. Mu 'yan kwantiragi ne, ranar da ba aiki ba kuɗi. Alhali ƙa'idar duniya ta ce kowane babban jirgi sai an duba gindinsa sau biyu cikin shekara biyar, kuma ga jirage nan cike da Apapa da Tin Can da Onne. Amma in lokacin gyara ya yi sai ka ji sun nufi Dakar, ko Las Palmas, ko Walvis Bay ta Namibiya.

Ga kuma dokar da aka yi tun 2003, wadda ta ce jirgin da zai yi jigila tsakanin gaɓoɓin Najeriya sai ya zama a nan aka ƙera shi, a nan aka yi masa rajista, ɗan ƙasa ne mai shi, 'yan ƙasa ne ma'aikatansa. To ina aikin ya tafi? Babban yarona ya gama sakandare, ya ce shi sana'ata yake so. Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Masu sani ku taimaka: me ƙasashen da suka riƙe wannan masana'anta suka yi wanda mu ba mu yi ba?

Tsohon Matuƙi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ina saurayi na yi aiki a ɗakin inji na jiragen Nigerian National Shipping Line, kamfanin da aka kafa a 1959 aka rufe a 1995. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta yi odar sababbin jirage 19, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunanmu. Wasu a Yugoslabiya aka ƙera su, wasu a Ulsan ta Koriya ta Kudu, lokacin ma'aikatar Hyundai ba ta cika shekara goma ba. Ka ga ke nan kuɗin manmu na cikin abin da ya ciyar da masu waldar Koriya suna koyon hannu.

Dok ba ya rayuwa sai da jiragen gida da ke komawa gare shi kamar yadda mai mota yake komawa wurin makanikensa. Ranar da ƙasa ta rasa manyan jiragenta, ranar masu gyara suka rasa uban gida. Mai jirgi ɗan Girka ba shi da dalilin tausaya maka. Shi kwanaki yake ƙirgawa, don duk ranar da jirgi ya kwana a dok asarar kuɗin haya ce. Wanda zai sallame shi cikin kwana 12 shi zai bi, ko da ya fi tsada.

Malamin Tattali, Samaru:

Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora a kai, don labarin Koriya ana yawan ba da rabinsa a bar rabi.

A 1972 aka fara haƙa harsashin ma'aikatar Ulsan. Chung Ju-yung, mai Hyundai, ɗan kwangilar gine-gine ne, bai taɓa ƙera babban jirgi ba. Ya samo rance daga bankin Barclays na Ingila, ya samo odar manyan tankokin mai guda biyu daga attajirin Girka George Livanos, ya ɗauko ƙwararru daga Birtaniya, ana gina ma'aikata ana ƙera jirgi a lokaci guda, aka gama na farko a 1974. Wannan shi ne rabin da kowa yake so.

Ɗaya rabin shi ne abin da gwamnatin Park Chung-hee ta jera a bayansa. A 1973 ta ayyana ƙera jirage cikin manyan masana'antun da za ta tsaya wa. A shekarar ce kamfanin ƙarfe na POSCO ya fara narka ƙarfe a Pohang, tafiya kaɗan daga Ulsan, don haka farantin jirgi ba sai ya tsallako teku ba. Bankuna a hannun gwamnati suke, rance mai sauƙi yana zuwa, amma da sharaɗi: sai ka sayar a kasuwar duniya, inda babu mai yi maka alfarma. Kuma da rikicin mai ya karya kasuwar tankoki, masu oda suka ƙi karɓar jiragensu, ba a bar ma'aikatar ta mutu ba. A 1976 Hyundai ta kafa kamfanin jigila da jiragen da aka ƙi ɗin.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba. Mai sayen jirgi yana biya ne kashi-kashi tun ana yankan ƙarfe, don haka yana neman banki ya tsaya masa cewa in ma'aikata ta gaza za a mayar masa da kuɗinsa. Ma'aikatar da ba ta da bankin da zai ba da wannan lamuni ba za ta ga oda ba, komai kyan waldarta. Koriya da Sin bankunan gwamnati ne suke ɗaukar wannan nauyi, kuma yau Sin kaɗai tana ƙera fiye da rabin jiragen kasuwanci na duniya.

Dokarmu ta 2003 kuwa ta ɗauko salon dokar Jones ta Amurka ta 1920. Amma ku dubi Amurkar kanta: shekara ɗari tana kāre kasuwarta, jirginta ya ninka na Asiya tsada sau da yawa, rabonta a kasuwar duniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Katanga kaɗai ba ta koya wa mutum gasa. Mu kuma mun gina katangar ba mu da abin da za mu saka a ciki, shi ya sa dokar ta ba minista ikon ɗage sharaɗi in babu jirgin gida, sai ɗagewar ta zama ita ce hanya. Asusun da ake tara wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin kwangilar jigila don 'yan ƙasa su sayi jirage, ya shafe shekara ashirin ana tarawa ba a raba ba. Ajakuta ma, ko da ta tashi, kashinta na farko don rodi da dogayen ƙarafa aka tsara shi, ba farantin jirgi ba.

Ra'ayina, mu daina mafarkin manyan tankoki, mu kama gyara da ƙananan jirage. Singafo da gyara ta fara, kuma a 1968 ta karɓi dok ɗin sojan ruwan Birtaniya a Sembawang. Hyundai Mipo ma'aikatar gyara ce daga 1975, sai bayan shekara ashirin ta koma ƙira. Kuma hannu muna da shi: sojan ruwanmu sun ƙera NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021, a nan Legas.

Ɗan Zangon Ashaiman:

Yaya, gaisuwa daga Gana. Ni fenti da kankare tsatsa nake yi a Tema. Kada ka ɗauka ciwon naku ne kaɗai. Dok ɗin Tema tun zamanin Nkrumah yake, yana ɗaukar jirgi mai nauyin tan 100,000. An sayar da kashi 60 nasa ga wani kamfanin Malesiya a shekarun 1990, gwamnati ta karɓe abinta a 2012. Ramin yana nan, girmansa yana nan, amma rami kaɗai ba ya kawo jirgi. Sai da ƙugiya mai lafiya, da wuta, da kayan gyara da za su fita daga tasha cikin kwana biyu. Shawarata ga yaro: ya koya, amma kada ya tsaya a hannu kawai, ya nemi satifiket ɗin da sufetocin jirage suke karɓa. Mai wannan takarda ko a Tema ko a Dubai ba ya rasa abinci.

Mai Walda Apapa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar kwanaki da ka yi ita ce ainihinta. Bara wani jirgin ja ya kwana 41 a wurinmu a kan aikin kwana 15. Mun gama namu, amma robar da ke toshe bakin sandar farfela tana tasha ana jiran takardu, ga janareta na shan man gas dare da rana. Mai jirgin bai yi faɗa ba, bai dai sake dawowa ba.

Malam, na yarda da kai a kan gyara, amma ina da ƙari. A 2018, da aka kawo jirgin sarrafawa da ajiye ɗanyen mai na rijiyoyin Egina daga Koriya aka ɗora masa sassa shida da aka ƙera a nan gida, abokaina da dama sun yi aikin, sun ci jarrabawar walda mafi wuya. Dokar 2010 ta saka 'yan ƙasa a harkar mai ce ta tilasta hakan, kuma ta yi aiki. Da aka gama, ba a sami wani aiki mai girmansa ya biyo baya nan kusa ba. Yau ɗaya daga cikinsu keke-napep yake ja a Ajegunle, biyu sun tafi Katar. In gwamnati za ta yi abu ɗaya, ni da zan so ta jera odar jiragen fito na ƙarfe da jiragen ja na shekara goma, a raba wa ma'aikatun gida da sharaɗin cika lokaci, ko don mutanenmu na Yawuri da Neja da kwale-kwalen katako ke kifewa da su duk damina.

Yaron zan tafi da shi ranar Litinin ya fara riƙe mini waya, akwai jirgin kamun kifi da ake sa ran shigowarsa. Ɗan'uwa na Ashaiman, jarrabawar satifiket ɗin nan, a Tema kuke zaunawa ko sai an je Takoradi?