Shared hosting: ni dai na tsaya a kan "hayar haɗaka"

1/ Salamu alaikum masu gina shafukan intanet a Katsina. Ina so mu tsayar da magana a kan kalma ɗaya. Mai makarantar kuɗi a Kofar Kaura ko mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa zai zo a buɗe masa shafi, mu ce ya kawo kuɗin "hostin", ya biya bai san abin da ya saya ba. Ran da shafin ya tsaya kuma mu zai kira. Shawarata ita ce hosting mu ce haya, shared hosting kuma hayar haɗaka.

2/ Shafi dai fayiloli ne da rumbun bayanai, dole su zauna a kan kwamfutar da ba a kashe ta dare da rana, wadda muke kira saba, wasu marubutanmu su ce uwar garke. Tana can a cibiyar ajiyar bayanai, a Legas ko Jamus ko Amurka. Kamfani sai ya ɗauki saba ɗaya ya zuba mata shafukan mutane masu yawa. Kowa an yanka masa wurin ajiya an ba shi kalmar sirri, galibi ta cPanel, wato manhajar da yake kula da wurinsa da ita, yake shiga, amma injin sarrafawa ɗaya ne, RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi da injin ke aiki da ita) ɗaya, layin intanet ɗaya. Gidan haya ke nan: ɗaki naka, makulli naka, amma mita ɗaya ce, famfo ɗaya ne, zaure ɗaya ake bi.

3/ Wani malami, Allah ya ƙara masa sani, ya kawo "masauki" a madadin "haya". Ta fi tawa daɗin faɗi, kuma ta fi kusa da asalin kalmar, tunda host mai masaukin baƙi ne. Abin da ya hana ni karɓarta shi ne Bahaushe ba ya cajin baƙonsa. In ka ce wa Alhaji shafinsa ya samu masauki, ba zai kawo a ransa cewa baɗi war haka za a sake neman kuɗi ba, balle ya san in bai biya ba za a rufe shafin, bayan wa'adi a goge kayansa. "Haya" kuwa kana faɗi ya gane akwai mai gida, akwai wa'adi, akwai kora.

4/ A madadin "haɗaka" kuma, "karo-karo" ba ta yi ba, don masu karo-karo su ke mallakar abin da suka haɗa kuɗi suka saya, mu kuwa ba mu da ko ƙusa a sabar. "Tarayya" kuma kunne ya riga ya saba jin ta da gwamnati.

5/ Yanzu batun farashi, wanda saboda shi na dage a kan "haɗaka". Kuɗin saba da wuta da sanyaya ɗaki da albashin ma'aikata ba sa raguwa. To in ka ga haya ta yi arha sosai, yawan 'yan haya ne ya biya. Kamfanoni da dama suna sayar da fiye da abin da sabar za ta iya ɗauka, bisa lissafin cewa ba kowa ne zai yi aiki a lokaci guda ba. Yawancin ranaku lissafin yana tafiya daidai. Amma shafin da aka gina da manhajar WordPress duk wanda ya buɗe shi sai injin ya yi aiki ya tambayi rumbun bayanai, sai fa in an tanadi kwafin da aka riga aka haɗa. Ran da makaranta ta saki sakamakon jarrabawa iyaye suka yi ca a kan shafin, ko dai maƙwabta su ji nauyi, ko kuma, in kamfanin yana amfani da irin su CloudLinux da ke yanka wa kowa iyaka, shafin makarantar ya tsaya yana nuna lambar kuskure 508 ko 503. Tallan da ke cewa "ba iyaka" ma ku karanta ƙa'idojin da ke ƙasa, za ku tarar an ƙayyade yawan fayiloli da ƙarfin injin da aka yarda ka ja.

Akwai matsalar da ta fi ci min rai. Adireshin IP, wato lambar da ake gane saba da ita a intanet, sau da yawa ɗaya ne ga mutanen sabar. Maƙwabcin da ba ka taɓa gani ba ya yi ta aika saƙonnin damfara a sa adireshin a baƙin littafi, sai imel ɗinka na kasuwanci ya riƙa faɗawa kwandon shara a Gmail.

6/ Alƙawarin da kamfanoni suke rubutawa cewa shafi zai yi aiki 99.9% na lokaci, a shekara mai awa 8,760 yana nufin shafi zai iya tsayawa kusan awa 9 ba su saɓa ba. In 99% ne, ya haura kwana 3 da rabi. Diyyar kuma yawanci ragin kuɗin haya ce, ba cinikin da ya wuce ka ba.

Tsada kaɗai ba ta tabbatar da inganci. Abin da ya kamata ƙarin kuɗin ya saya shi ne ƙarancin maƙwabta, ma'aikacin da zai amsa maka da tsakar dare, da kwafin ajiya a wani wuri dabam. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin hayar saba na OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda suka rasa bayanansu saboda kwafin nasu ma a harabar yake. Sannan a tambayi kuɗin sabuntawa tun farko, don na shekarar fari sau da yawa tayi ne kawai. Mai biya da dala kuwa ya ga yadda lissafi ya canza tun da aka saki naira a 2023.

7/ Ƙanwata ɗalibar kwamfuta, tambayarki tana kan hanya: ai sunan shafi ma duk shekara ake biya, me ya sa shi ba haya ba ne? Gara mu raba su, mu ce masa rajistar suna. Masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma mutum zai iya tashi daga wannan kamfanin haya ya koma wancan da sunansa a hannu, muddin da sunansa da imel ɗinsa aka yi rajistar, ba na wanda ya gina masa shafin ba.

8/ In mun yarda da haya, sauran sun zo da sauƙi. VPS, inda ake ware maka kasonka na inji da RAM, hayar sashe. Wanda ya kama sabar gaba ɗaya, hayar gida sukutum. Mu kuma da muke sayen wuri da yawa a hannun babban kamfani muna yanka wa mutane, 'yan sari ne, kuma ya kamata mu riƙa gaya wa mai shafi sunan kamfanin da sabar take hannunsa kafin ya biya.