"Iya ruwa fidda kai": gwaninta ce ko allo?

Malam Sani: Jama'a, wani abokina ya ce mai hawan igiyar teku ba ruwansa da siffar allon da yake tsayawa a kai, wai iya ruwa fidda kai. Karin maganar nan ta zauna a wurin?

Yaya Habu: Ba ta zauna ba, Malam. Ana faɗinta ne ga wanda ya shiga rigima ya fita lafiya. Sakamako take aunawa, ba ta ce kayan aiki banza ba ne. A ba sabon shiga gajeren allo mai ƙafa 6, mai girman lita 28, shi kuwa nauyinsa ya kai kilo 75: allon zai nutse ƙarƙashin ƙirjinsa, yana ta tuƙi da hannu igiya na wuce shi. Dogon allo mai ƙafa 9 da lita kusan 70 shi zai ɗaga shi.

Hajiya Rabi: Ni "daidai ruwa daidai tsaki" zan kawo. Ku duba lanƙwasar allo daga hanci zuwa wutsiya. In ta yi yawa, allon na juyawa da sauri kuma ya shige cikin igiya mai tsayuwa tsaye, amma a ƙaramar igiya mai laushi ruwa kawai yake turawa, ba gudu. In ya miƙe sosai kuwa, akwai gudu, sai dai igiya na miƙewa hancin ya caki ruwa, mutum ya wuntsila ta gaba. Wutsiya ma haka take. Mai faɗi mai baki biyu, irin wadda Steve Lis ya ƙera a San Diego ta Amurka a 1967, ta ƙananan igiyoyi ce. Mai tsini ita ake shiga da ita manyan raƙuman ruwa na Waimea a Hawai, don tana riƙe ruwa ba ta zamewa.

Malam Sani: Hajiya, ai gwani ko da wane allo zai fita.

Hajiya Rabi: Zai fita, amma gwanayen ne suka fi kowa sauya allo. Simon Anderson ɗan Ostireliya ya ga fiffike biyu na ƙasan allo na sa wutsiya zamewa a juyi mai ƙarfi, sai ya ƙara na uku a tsakiya a 1980. Da shi ya ci gasar hawan igiya ta Bells Beach a Ostireliya a 1981.

Yaya Habu: To wannan kam fidda kai ne, Malam. Da wane allo abokin naka yake shiga ruwa?