Daga Hotoro zuwa sabuwar BUK kullum a bas, zai yiwu kuwa?

Ummin Baba:
Salam yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Na samu gurbin karatu a BUK (Jami'ar Bayero Kano) alhamdulillah, amma sashenmu a sabuwar jami'a yake, ni kuma a Hotoro muke zaune kuma Baba ya ce babu zancen hostal, gida zan dinga kwana. To yanzu lakcar ƙarfe 8 ce ke tsorata ni, wace hanya zan bi, bas zan hau ko ɗan sahu, kuma ƙarfe nawa ya kamata in bar gida? Masu zuwa daga nesa ku taimaka min.

Yaya Sadiq:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a karatun. Zai yiwu mana, muna da yawa da muka yi haka har muka gama. Amma ki sani gabas da yamma kika haɗa, Hotoro tana can titin Maiduguri, sabuwar jami'a kuma tana titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki, sai kin ratsa garin gaba ɗaya. Da wuya ki samu mota ɗaya ta kai ki kai tsaye, ki sa a ranki hawa biyu ko uku ne. Abin nema shi ne ki isa Kabuga, ta titin BUK, ki wuce Gidan Murtala, Ɗan Agundi, Gadon Ƙaya, tsohuwar jami'a, in kin kai Kabuga kin yi mai wuyar, a nan akwai masu lodin sabuwar jami'a da Janguza. Ana idar da sallar asuba ki fara shiri, shida da rabi ta yi miki a titi, don da zarar yan makaranta da ma'aikata sun fito wajen bakwai titin ya cushe, kuma bas ba ta tashi sai ta cika, kina zaune kina duba agogo kwandasta na waje yana ta kiran saura mutum ɗaya saura mutum ɗaya alhali kujera uku ce babu kowa.

Maman Hanif:
Ni abin da zan ƙara miki yar uwa shi ne ki riƙe canji. Kar ki miƙa wa kwandasta dubu ɗaya da sassafe, zai ce ki jira, ki kai wajen saukarki yana lalube a aljihu motar na tafiya. Ki ajiye ƙananan kuɗi daban tun dare. Sannan wayarki ta zauna cikin jaka, jakar kuma a kan cinyarki musamman lokacin turereniyar hawa. In motar ta cika da maza ki ce wa kwandasta ya gyara miki wuri kusa da mace, yawanci suna yi ba musu.

Abba Ɗanbare:
Gaskiya ni ban yarda da yaya Sadiq ɗari bisa ɗari ba. Ku lokacinku mai yana da arha. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya zama shi ne babban abin da ke cin aljihun ɗalibi, na san waɗanda suke zaɓar ranakun da za su zo lakca saboda kuɗin zuwa da dawowa ba ya isa sati. Kuma acaɓa da a da ake tsallake cunkoso da ita tun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a Kano, yanzu bas ce ko adaidaita sahu, sahun ya fi sauri amma ya fi tsada. Ki zauna da Baba ku lissafa kuɗin motar wata guda ku gwada da kuɗin hostal, wataƙila ya sake tunani. Ko in kuna da yan uwa a Rijiyar Zaki ko Ɗorayi ki dinga kwana can ranakun lakcar safe.

Yaya Sadiq:
Maganarka gaskiya ce Abba. Sai dai dawowar yamma ma ta fi zuwan wahala, ana tashi daga lakcar ƙarfe 6 kowa ya yo bakin get lokaci guda, ki nemi yan ajinku da ke hanyarku ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar sahu ɗaya, magariba ba za ta riske ki a Kabuga kina jiran mota ba.

Ummin Baba:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Akwai gwaggona a Ɗorayi, yau da daddare zan yi wa Baba maganar.